ZAUREN ZONGO: Ranarmu Ta Ƙarshe A Bakin Teku

  Waɗanda suka yi ta cigiyarmu saboda ba su ga wannan fili a watan jiya ba, to, ku yi mana aikin gafara. Lafiya lau muke, tafiya ce ta kama mu zuwa Cape Coast, tsarabarta kuma ita ce muka kawo muku yau.

Kowa ya sani mu mutanen zongo jikokin matafiya ne. Kakanninmu sun taso daga Kano da Katsina da Sakkwato da Barno, suka bi hanyar Gwanja da jakunansu wata da watanni don neman goro, har Allah Ya kawo su Salaga, daga baya kuma Kumasi. Kalmar zongo ma kanta ai masaukin ayari ce. Amma abin mamaki, duk da wannan gado, abu uku kaɗai ke fitar da mu daga gida a yau: fatauci, biki, ko ta'aziyya. Mutum zai je gari sau goma, bai san komai a cikinsa ba sai tasha da kasuwa da gidan da ya sauka. In ka ce masa a je a ga gari, sai ya dube ka ya ce, a ga me?

Mu ma biki ne ya kai mu. Ɗiyar wani ɗan'uwanmu da ke zaune a zongon Cape Coast, kusa da kasuwar Kotokuraba, ita aka aurar, kuma abin ya dace da dogon hutun makaranta. Muka ɗauki hayar ƙaramar bas guda, mu goma sha takwas, daga Aboabo da Asawase da Sabon Zongo, bakwai daga ciki yara ne 'yan makaranta. Mun tashi ran Juma'a bayan an sauko daga masallaci. Asabar da Lahadi duk suka tafi a ɗaurin aure da kai amarya da gaishe-gaishe, wannan gida a ci tuwo, wancan gida a ci shinkafa da wake. Muna jin rurin teku da dare daga inda muka kwana, amma ko da ido ba mu gan ta ba. Saura rana guda, watau Litinin.

Daren Lahadi sai gardama ta tashi a tsakar gida. Maza 'yan kasuwa suka ce a yi asubanci a kama hanya, don akwai rumfuna a Kejetia da Alabar da suka kwana uku a rufe. Mata suka ce su ba za su koma Kumasi ba kifi ba. Ana cikin haka sai wata yarinya 'yar shekara goma sha biyu, wadda take ajin farko na ƙaramar sakandare, ta matso kusa da kakanta ta durƙusa ta ce, "Kaka, an koya mana labarin gidan bayi na garin nan a makaranta. In aka koma malaminmu ya tambaye ni, in ce na kwana uku a Cape Coast ban gan shi ba?" Dattijon nan, wanda ya haura shekara saba'in, shi ne babba a cikinmu, ya yi shiru jim kaɗan, sa'an nan ya ce, "Ni ma na kusa tsufa ban gan shi ba. Gobe sai mu je tare." Magana ta ƙare ke nan.

GIDAN GANUWA NA CAPE COAST

Da safe bayan an sha koko da ƙosai muka taka da ƙafa, don wurin ba nisa. Mutanen Fanti, masu garin, Oguaa suke kiransa, kuma ƙaguwa ce tambarinsu, har sun yi mata gunki a tsakiyar gari. Garin tsoho ne, titunansa ƙanana, ga tsofaffin benaye da iskar gishiri ta cinye musu fenti. Nan ne hedkwatar mulkin Turawan Ingila a wannan ƙasa har zuwa 1877, lokacin da suka mayar da ita Akra. Nan ne kuma gidan makarantu, irin su Mfantsipim wadda aka kafa a 1876, inda marigayi Kofi Annan ya yi karatu, da jami'ar da aka buɗe a 1962.

Gidan ganuwar yana bisa dutse a bakin ruwa, fari fat, ga igwogi baƙaƙe jere suna duban teku. Turawan Suwidin ne suka fara gina sansani a wurin a 1653, ya yi ta sauya hannu har Turawan Ingila suka ƙwace shi a 1664, suka faɗaɗa shi. Tun 1979 hukumar UNESCO ta sa shi, tare da sauran irinsa na gaɓar ƙasar nan, cikin jerin kayan tarihi na duniya.

A bakin ƙofa wani ɗan abu ya faru wanda ba mu manta ba. Kuɗin shiga iri biyu ne, na ɗan ƙasa daban, na baƙo daban. Tun kafin mu kai ga mai sayar da tikiti, dattijon nan ya sa hannu a aljihun jamfarsa ya zaro katinsa na ɗan ƙasa, ya riƙe shi a gabansa. Ba wanda ya tambaye shi. Mai tikitin ya gaishe shi da ladabi, ya ƙirga mu, ya karɓi kuɗin 'yan ƙasa. Da muka wuce sai ɗansa ya ce, "Baba, ai ba a nemi kati ba." Ya ce, "Kai ba ka ga 1969 ba." Waɗanda suka manyanta sun san abin da yake nufi. A watan Nuwamba na shekarar ne gwamnatin Dokta Busia ta ba baƙin da ba su da takardun zama mako biyu su bar ƙasa, manyan motoci suka yi ta kwasar mutane daga zongo-zongo, ciki har da waɗanda a nan aka yanke musu cibiya. Shi yana saurayi a lokacin, ya ga an raba shi da abokan wasansa. Tun daga ranar ba ya fita gida ba takarda.

Ɗan jagora ya haɗa mu da wasu baƙi, baƙaƙen fata 'yan Amurka, ya ja mu zuwa kurkukun maza. Hanyar gangara ce, kana sauka haske yana raguwa, har ka kai inda ba ka ganin tafin hannunka sai an kunna fitila. Ɗakuna ne na dutse, tagoginsu 'yan ramuka ne can sama kusa da rufi, ga wata 'yar kwata a tsakiyar daɓe. A nan ake cusa ɗaruruwan mutane, a mari, makonni ko watanni, suna jiran jirgi. Nan suke ci, nan suke kwana, nan suke bayan gida. Ɗan jagora ya kashe fitila na ɗan lokaci don mu ji yadda wurin yake. Yaran da suka shigo suna tsalle, kowa ya nemi hannun uwarsa. Wata mata cikin 'yan Amurkan nan ta fashe da kuka, sai wata Hajiya daga cikinmu, wadda ba ta jin Turanci ko kalma guda, ta dafa kafaɗarta tana cewa, "Yi haƙuri, 'yar'uwa, yi haƙuri."

Da muka fito aka nuna mana cewa daidai saman wannan kurkuku Turawan suka yi ɗakin ibadarsu. Aka hau da mu bene zuwa ɗakunan gwamna, masu manyan tagogi, iskar teku tana kaɗawa ta ko'ina. A tsakar gidan akwai kaburbura, ciki har da na Gwamna George Maclean da matarsa, da na Philip Quaque, ɗan garin, wanda shi ne baƙar fata na farko da ya zama limamin cocin Ingila. Daga ƙarshe aka kai mu ƙofar da ake kira ƙofar da ba a dawowa. Ana buɗe ta sai ga haske, ga teku, ga kwalekwalen masunta birjik masu tutoci kala-kala, yara suna wasa a yashi. Masana sun ƙiyasta cewa mutum wajen miliyan 12 da rabi aka ɗora a jiragen ruwa daga Afirka zuwa ƙasashen Amurka a tsawon wannan ciniki, sama da miliyan guda daga gaɓar ƙasar nan. Ingila ta haramta cinikin a 1807. A watan Yuli 2009 Shugaba Obama na Amurka ya tsaya a wannan ƙofa shi da iyalinsa, a 2019 kuma gwamnati ta yi shekarar kiran jikokin bayi su dawo gida.

A nan ne yarinyar nan ta yi tambayar da ta sa muka rubuta wannan maƙala. Ta ce, "Kaka, mu fa? A ina muke a cikin labarin nan?" Wani daga cikinmu ya yi caraf ya ce, "Wannan ai tsakanin Turawa ne da mutanen bakin teku, mu ba ruwanmu, daga baya muka zo." Dattijo ya girgiza kai ya ce, "Kada ka gaya wa yarinya abin da ba haka ba ne. Akwai ruwanmu, har da tsaki."

INA MUKE A CIKIN LABARIN?

To, jama'a, gaskiya ɗaci gare ta, amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. In muka duba tarihi za mu sami kanmu a wuri uku.

Wuri na farko shi ne kasuwa. Salaga da muke alfahari da ita, garin rijiyoyi da malamai da goro, babbar kasuwar bayi ce kuma. Fataken da suka kawo kanwa da tufafin Kano da fatu, wasunsu sun kawo mutane, sun kuma sayi mutane. Tun tsakiyar ƙarni na 18 da sarakunan Asante suka rinjayi Gwanja da Dagomba, ana biyan su haraji da bayi, ana gangaro da su kudu. Wasu suka tsaya a Kumasi da ƙauyukanta, wasu aka wuce da su bakin teku. Ba kowane bafatake ne ya taɓa wannan ciniki ba, amma ba za mu ce hannun dukkan kakanninmu fari ne ba.

Wuri na biyu shi ne cikin mari. Hausawa da yawa an kama su a yaƙe-yaƙe an sayar, ko da yake yawancinsu ta gaɓar Dahome da Ikko aka fitar da su. A jihar Bahiya ta ƙasar Birazil bayi Hausawa sun shirya tawaye a 1807, sun sake tayarwa a shekarun da suka biyo baya, sa'an nan a 1835 Musulmin bayi, yawancinsu Yarbawa, suka yi babban boren da aka fi sani. Bayan wannan bore, a 1836, wani rukuni na 'yantattun bayi daga Birazil ya sauka a Akra, su ne ake kira Tabom, zuriyarsu tana nan har yau a Jamestown.

Wuri na uku shi ne cikin kaki. A 1863 wani Bature mai suna Glover ya kafa wata runduna a Ikko da masu jin Hausa, da yawansu bayi ne da suka gudo daga iyayengijinsu. An kawo su ƙasar nan a yaƙin 1873 zuwa 1874, wanda a cikinsa Janar Wolseley ya shiga Kumasi a watan Fabrairu 1874 ya sa mata wuta. A 1879 aka kafa rundunar 'yan sandan yaƙi ta ƙasar nan, wadda kowa ke kira sojan Hausa, ko da yake akwai Mosawa da Gurunsawa da Zabarmawa da wasu kabilu a ciki, Hausa ce dai harshen bariki. Su ne suka raka Turawa Kumasi a 1896, su ne kuma aka tsare tare da Gwamna Hodgson a cikin ganuwar Kumasi a yaƙin Yaa Asantewaa na 1900. Zongo da yawa a kudancin ƙasar nan tsofaffin sojojin nan ne suka fara zama a cikinsu bayan sun ajiye aiki.

Wannan duka ba a bakin ƙofa dattijo ya faɗe shi ba. Shi abin da ya ce wa jikarsa gajere ne: "A cikinmu akwai jikan wanda ya sayar, akwai jikan wanda aka sayar, akwai jikan wanda ya riƙe wa Bature bindiga. Yau duk sahu ɗaya muke bi a masallaci, mun kuma auri juna. Ki riƙe wannan." Sauran mu ne muka bi diddiginsa bayan mun dawo gida.

ELMINA

Wajen ƙarfe goma sha ɗaya da rabi muka shiga mota zuwa Elmina, wadda masu ita ke kira Edina. Tafiyar ba ta fi ta kilomita goma sha biyu ko sha uku ba, titi yana bin gaɓa, itatuwan kwakwa a hagu, teku tana dukan yashi. Gidan ganuwar Elmina ya girmi na Cape Coast nesa ba kusa ba. Turawan Fotugal ne suka gina shi a 1482, shekara goma kafin Kolumbus ya ƙetare teku, kuma da farko zinariya ce ta kawo su. Turawan Holan suka ƙwace shi a 1637 bayan sun hau da igwa kan tudun da ke fuskantarsa, inda daga baya suka gina wani ƙaramin sansani da ake kira St. Jago. A 1872 suka sallama shi ga Ingila.

Abu biyu ne suka fi taɓa mu a nan, mu mutanen Kumasi. Na farko, ɗakin da aka tsare Sarkin Asante Prempeh na Ɗaya bayan an kama shi a watan Janairu 1896. Daga nan aka wuce da shi Saliyo, sa'an nan tsibirin Seshel a 1900, bai sake ganin Kumasi ba sai 1924. Yaranmu da suke wucewa ta Manhyia kullum suka tsaya suna leƙen tagar da sarkin garinsu ya riƙa duban teku ta cikinta. Wani yaro ya tambaya ko sojan Hausa na cikin waɗanda suka kawo shi nan. Muka ce masa suna cikin rundunar da ta je kama shi. Bai ce komai ba.

Na biyu, labarin da yawancinmu ba mu taɓa ji ba. Tsakanin 1831 da 1872 Turawan Holan sun ɗebi mutum sama da 3,000 daga Elmina suka kai su aikin soja a tsibiran da yau ake kira Indunusiya. A 1837 sun ƙulla yarjejeniya da Sarkin Asante Kwaku Dua na Ɗaya, har suka buɗe wurin ɗaukar sojan a Kumasi kanta. Da yawa cikin waɗanda aka ɗauka bayi ne 'yan arewa, aka fanshe su da sharaɗin su biya kuɗin fansar daga albashinsu. Waɗanda suka dawo da rai aka ba su wuri a wani tudu a Elmina, shi ya sa har yau ake kiransa tudun Java. Ku duba fa, ɗan arewa ya bi ta Salaga, ya bi ta Kumasi, ya ƙare da yaƙi a ƙarshen duniya, ba wanda ya san sunan da uwarsa ta raɗa masa.

Mun yi sallar azahar da la'asar a haɗe, kasaru, a wani masallaci na zongon garin, inda aka karɓe mu hannu bibbiyu da jin Hausarmu. Daga nan mata suka ce lokacinsu ya yi. Gindin gadar da ke kan bakin tafkin Benya nan ne matsayar masunta, kuma wanda bai ga wurin ba bai ga hada-hada ba. Kwalekwale suna shigowa ɗaya bayan ɗaya, samari suna tsalle cikin ruwa da manyan kwanoni a ka, mata masu ƙyafe kifi suna ciniki da ƙarfin murya, hayaƙin tanderu ya turnuƙe unguwa. Da Twi muka yi cinikin, su suna amsawa da Fanti, kowa yana fahimtar kowa. Suka ce mun taki sa'a da muka zo Litinin, don ran Talata ba a shiga teku, al'ada ce tun kaka da kakanni. Hajiyoyinmu suka cika kwanduna da ƙyafaffen kifi, suna cewa rabin kuɗin Kumasi ne.

ABIN DA YA KUSA FARUWA

Yanzu sai mu faɗi laifinmu. Mun yi shirin kama hanya ƙarfe uku, amma yara suka ce ba su taɓa ruwan teku da ƙafarsu ba. Muka tsaya a wani fili a bakin hanya tsakanin garuruwan biyu, inda ba kowa sai wasu masunta suna gyaran taru a inuwar kwakwa. Manya suka zauna shan ruwan kwakwa, hira ta yi daɗi, ido ya bar kan yara. Wani yaro ɗan shekara tara yana tsaye ruwa iya idon sawu, igiyar ruwa ta zo ta ɗauke masa silifa guda, shi kuwa ya bi ta. Taku uku ya yi, ta biyu ta zo ta kwashe ƙafafunsa, tana komawa tana jansa. Kafin uwarsa ta gama salati, wani saurayi cikin masuntan nan ya riga ya faɗa ruwa, ya cafko shi ta wuyan riga. Yaro ya sha ruwan gishiri, ya yi amai, ya yi kuka, amma Allah Ya kiyaye.

Babban masuntan ya yi mana faɗa sosai, kuma bai yi laifi ba. Ya ce tekun nan ba tafki ba ce, ƙasan yana da gangara, ruwan da ke komawa ya fi wanda ke zuwa ƙarfi, ko su da aka haifa a ciki suna jin tsoronta. Ɗan Kumasi kuwa wane ruwa ya sani, in ba rafin Subin da tafkin Bosomtwe ba? Muka ba saurayin abin da ya sawwaƙa, ya ƙi karɓa sai da dattijonmu ya sa baki. Da a ce mutanen nan ba sa wurin, da yau ta'aziyya kuke karantawa a wannan fili.

HANYAR GIDA

Sai wajen ƙarfe biyar muka bar Cape Coast. A mararrabar Yamoransa, inda hanyar Kumasi ta rabu da ta Akra, aka sake tsayawa sayen dokunun Fanti, wanda ake naɗewa da busasshen ganyen ayaba, don ba a komawa gida daga wannan yanki ba shi. Niyyarmu mu tsaya a Assin Manso mu ga rafin da ake yi wa bayin da aka gangaro da su daga arewa wankan ƙarshe kafin a kai su bakin teku. A can ne a 1998 aka sake binne ƙasusuwan wasu bayi biyu da aka dawo da su, ɗaya daga Amurka, ɗaya daga Jamaika. Amma mun iso magariba ta kawo jiki, sai dai muka yi salla a bakin hanya muka wuce. Dajin Kakum kuwa, mai gadar igiya a saman itatuwa wadda aka buɗe a 1995, ko kusa da shi ba mu je ba.

Muka ƙetare kogin Pra a Assin Praso cikin duhu, muka hau tsaunukan Adansi muna bin bayan manyan motocin katako, direba yana murza ido, mu muna ba shi goro da hira. A cikin motar ne wani ya lura cewa wannan hanya da muke bi a zaune cikin sa'o'i kaɗan, kusan ita ce aka bi da mutanen nan a ƙasa, a ɗaure, ita ce kuma sojojin 1874 suka hawo. Ƙarfe goma sha ɗaya ta wuce kafin mu ga fitilun Kumasi.

SHAWARARMU

Ga duk wanda zai yi irin wannan tafiya, ga abin da muka koya da kuɗinmu da kuma tsoronmu. Kada a bar ganin gari sai ranar komawa. In kuwa dole ce, to, a zaɓi wuri biyu kawai, a fita da wuri, a sa lokacin tashi a kuma cika shi, don tafiyar dare a wannan hanya ba abin so ba ce. A riƙe katin ɗan ƙasa, a tafi da ruwan sha da tabarmar salla. Ƙananan yara ƙwarai da masu ciwon numfashi, gara su jira a tsakar gida kada su sauka kurkuku. A bakin teku kuwa, kowane yaro a ba shi babba guda da zai riƙe hannunsa, kuma a tambayi masunta kafin a taka ruwa.

Sai kuma babbar magana. Muna kashe kuɗi mai yawa a ankon biki da ɗinkin Salla, ba mu ce a daina ba. Amma ƙungiyoyinmu na matasa da na mata da makarantunmu na Islamiyya, me zai hana kowace ta ware rana guda a shekara ta kai yara su ga tarihi da idonsu? In Cape Coast ta yi nisa, a fara da gida. Ganuwar Kumasi da aka tsare Hodgson a ciki tana nan a Adum, ta zama gidan tarihin soja. Gidan da aka gina wa Prempeh a 1925 bayan dawowarsa yana nan a Manhyia, shi ma gidan tarihi ne tun 1995. Mu nawa ne muka taɓa shiga? Daga nan sai a yi shirin Salaga.

Muna kuma kira ga fadar Sarkin Zongo da malamanmu da 'yan bokonmu. Alhaji Umaru na Kete Krachi, wanda aka haifa a Kano, ya zauna a Salaga, ya rasu a 1934, ya rubuta abin da ya gani a zamaninsa da Larabci da ajami, shi ya sa har yau masana suke neman takardunsa. Mu me muka rubuta? Dattawan da suka ga 1969 suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya, waɗanda suka ji labarin Salaga daga bakin kakanninsu sun fi su ƙaranci. Yau kowane yaro yana da waya mai ɗaukar magana a aljihunsa. A zauna da tsofaffin nan, a tambaye su, a ɗauka, a rubuta, mai daɗi da marar daɗi. Wanda ya ce ba ruwansa da tarihin ƙasa, shi da bakinsa ya mayar da kansa baƙo, alhali kuwa sawun kakanninmu yana kan hanyar nan tun daga Salaga har bakin ruwa.

Yarinyar nan ta koma makaranta, mun ji kuma malaminta ya sa ta tsaya gaban aji ta ba da labarin abin da ta gani. Kakanta ya ce in Allah Ya kai mu hutu mai zuwa da rai da lafiya, Salaga za a nufa, kuma shi zai biya kuɗin man mota. Masu son shiga wannan ayari sai su fara tanadi tun yanzu. Wanda kuma yake da wani labari da ya ji daga bakin tsofaffinsa game da zuwan gidansu ƙasar nan, ya rubuto mana, da Hausa ko da Turanci, za mu ba shi fili.

Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya saka wa saurayin nan masunci da alheri, Ya kuma ba ƙasarmu zaman lafiya.